Potiskum: Ana duba kofaton sa, ba a duba ƙafar Baba

 Na san kun saba in zo muku da bayanin magunguna, yadda ake shan su da yadda ake ajiye su. Wannan makon ku yi mini afuwa, labarin tafiya na zo da shi. Watanni huɗu da suka wuce na je Potiskum biki, na dawo da abin da ya hana ni barci kwana da kwanaki, kuma na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba. Na nemi izinin masu labarin sun amince, da sharaɗin ba zan kama suna ba.

Mun bar Kano ranar Talata da hantsi, muka haye gadar Wudil, muka yi Azahar a Azare, La'asar ta same mu a Potiskum. Tafiyar kimanin kilomita 300 ce. Tun kafin ka ga allon da ke cewa ka iso, tireloli za su gaya maka. Ga su nan jere a bakin titi, wasu ana yi musu walda, wasu ana faci, wasu yaran mota sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna barci. Garin mahaɗar hanyoyi ne: wannan ta yi Damaturu da Maiduguri, wannan ta yi Gashuwa, wannan ta yi Gombe, wannan ta yi Bauchi, ga kuma wadda muka biyo. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 an kai gwamnati Damaturu, amma ciniki bai bar Potiskum ba. Sarakuna biyu ne ke da fada a cikinta, Sarkin Fika wanda aka dawo da fadarsa garin a 1924, da kuma Mai Potiskum. Za ka ji ana Ngizimanci da Karekare da Bolanci da Fillanci da Barbarci, amma da an zo maganar kuɗi kowa ya koma Hausa.

A gidan kawuna na sauka, ƙanen mahaifiyata, autarsa ake aurarwa. Dattijo ne da ya haura shekara 70, kuma fiye da 40 daga ciki a kara ya yi su yana dillancin shanu. Tunda na gama jami'a yake kirana “Likita”. Na gaji da gaya masa ni mai harhaɗa magunguna ce, na haƙura.

Washegari Laraba, ranar da kasuwar shanu ke ci. Na daɗe ina jin ana cewa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, sai na matsa wa taubashina, babban ɗan Kawu, ya kai ni in gani da idona. Mai karatu, gani ya kori ji. Ƙura ta tashi har ba ka ganin ƙarshen fili, sai ƙahonni. Ga fararen bunaji, ga jajayen rahaji masu dogon ƙaho, ga waɗanda aka koro daga Chadi da Nijar da Kamaru. Gefe guda ana lodi a tireloli masu zuwa Legas da Fatakwal da Anacha. Na samu inuwa a rumfar wata mai fura na zauna, daga nan nake hango Kawu a bakin aiki.

Wani ya kawo bijimi, ƙato mai tozo, mai saye har ya fara murmushi. Kawu bai ce komai ba. Ya buɗe bakin san ya duba haƙora don sanin shekarunsa. Ya ɗaga fatar ido. Ya shafa gadon baya da ƙasan ciki yana neman kirci da kaska. Sannan ya ce a ja shi ya taka. Ana jan sa yana bin ƙafafun da kallo, can ya sa aka ɗaga ƙafar baya ta dama, ya kankare kashin da ya toshe tsakanin kofaton da ɗan tsinke, ya leƙa. Sai ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce wa mai saye, “Bar shi. Wannan kafin ya kai Legas ya kwanta a mota.” Ni ban ga komai a tafiyar san nan ba. Shi ya ga ɗan ɗingishin da bai kai a kira shi ɗingishi ba.

Da ya juyo zai zo wajenmu ne na lura da abin da ban lura da shi ba a gida. Shi ma ɗingishi yake yi. Ba ya sauke dunduniyar hagu ƙasa, da yatsu yake takawa.

Da magariba na karɓi butar daga hannun jikansa na ce ni zan zuba masa ruwan alwala. Da ya zo wanke ƙafa ya ɗan juya mini baya, ya kwance wani tsumma. Na ce, “Kawu, in gani.”

“Ba komai ba ne, Likita. Ƙaya ce na taka tun bara waccan.”

Na durƙusa na haska da fitilar waya. Wurin ya yi shuɗi da ruwan nan da ake kira jibi. Da na goge da auduga, sai ga tabo a ƙasan dunduniya, faɗinsa ya kai murfin kwalbar lemo. Wani sashen baƙi ƙirin, wani ruwan ƙasa, gefensa ba a zagaye yake ba, ya yi ta shiga da fita kamar taswira. A tsakiya wani tsiro ya taso yana tsattsafar da jini. Na tambaye shi ko yana zafi. Ya ce sai dai in ya taka tsakuwa. Ya ƙara da cewa, “Ni da Allah Ya fitar da ni daga karar nan ranar da aka buɗe mana wuta, ɗan wannan ne zai kai ni asibiti?” Harin watan Mayun 2012 yake nufi, wanda aka kashe mutane da dama aka ƙona dabbobi. Duk wanda ya zauna a Potiskum a waɗancan shekarun yana da ma'aunin masifa dabam da namu, kuma da wannan ma'aunin yake auna ciwon jikinsa.

A nan zan faɗi laifina, domin shi ne dalilin rubutun nan. Kimanin shekara ɗaya da rabi kafin wannan rana, taubashina ya kira ni a waya ya ce Baba ya taka ƙaya, wurin ya yi baƙi yana ɗan ruwa. Ina tsakiyar sallamar mutane a wurin aiki. Na tambaya ko yana da ciwon suga, ya ce an gwada babu. Na faɗa masa sunan man shafawa da ƙwayoyin da zai sha kwana biyar, na kashe waya. Ban ce a turo mini hoto ta WhatsApp ba. Ban sake kira na ji ya warke ko bai warke ba. Bayan nawa, sun je wani kemis an ba su man nan mai haɗi uku, wani ya ce a riƙa fasa kafso ana barbaɗawa, wani ya kawo garin saiwa, daga ƙarshe aka koma jibi. Kowa ya ba da magani, ni ce ta farko, kuma a cikinmu duka babu wanda ya tsaya ya tambayi mene ne wannan ciwo.

Me ya sa gabana ya faɗi?

Da yawanmu mun ɗauka ciwon dajin fata, ko kansar fata, na Turawa ne masu kwanciya a rana bakin teku. Gaskiya ne baƙar fata tana da kariya daga hasken rana, kuma ciwon ya fi yawa nesa ba kusa ba a wurin farare. Amma akwai nau'o'in da ba ruwansu da launinka. Ba su da yawa, sun fi kama dattawa, kuma in suka samu lokaci suna kisa. Uku zan ambata.

Na farko shi ake kira melanoma. Yana tasowa ne daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. A jikin Bature ya fi fitowa a baya ko ƙafafu inda rana ke duka. A jikinmu kuwa ya fi son inda rana ba ta kaiwa: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Yakan fara kamar tawadar Allah, shimfiɗe, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya yi watanni ko shekaru yana faɗaɗa a saman fata, sannan ya fara nutsawa ciki. Da ya nutsa sai ya bi hanyoyin ruwan jiki ya kai kaluluwar matsematsi, daga nan ya wuce huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Kun san Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika. A 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafa, aka fara ɗauka ciwon ƙwallo ne. Da aka gano melanoma ne likitoci suka ba da shawarar a cire yatsan, bai amince ba. Ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981 yana da shekara 36. Shi da ƙuruciyarsa abin ya same shi, amma galibin masu irin wannan nau'in sun haura 60. Ku lura da kamar da ke tsakanin labarinsa da na Kawu: can an ce ƙwallo, nan an ce ƙaya. Sau da yawa ciwon yana nan tun kafin buguwar, ita ce kawai ta sa aka kalli wurin.

Na biyu shi ne gyambon da ya rikiɗe. Wani likitan fiɗa na Faransa, Jean-Nicolas Marjolin, ya yi bayanin irin wannan gyambo a 1828, shi ya sa likitoci ke kiransa da sunansa. Mutum ya ƙone da wuta yana yaro, ko ya yi gyambo a ƙwauri da ya daɗe yana warkewa yana dawowa. Bayan shekara 20, 30 ko fiye, sai tabon ya fashe, bakinsa ya yi kauri ya juyo waje, ya riƙa wari da zubar jini. Wannan likitocin fiɗa na Arewa sun san shi sarai, domin muna da masu tsohuwar ƙuna da tsohon gyambo da yawa a karkara. Ya fi kansar fata ta yau da kullum saurin bazuwa.

Na uku shi ne mafi ƙaranci, kuma yana cikin mafi sauri. Ana kiransa kansar ƙwayoyin Merkel, sunan wani masani Bajamushe, Friedrich Merkel, wanda ya gano wasu ƙwayoyin jin taɓi a fata a 1875. Ciwon kansa sai a 1972 wani likita mai suna Cyril Toker ya fara bayyana shi. A 2008 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ƙarƙashin Yuan Chang da Patrick Moore, suka gano wata ƙwayar bairos a cikin kusan 8 daga kowane 10 na irin wannan tsiro. Bairos ɗin yana zaune a fatar yawancin mutane lafiya lau ba ya komai, kuma ba a ɗaukar kansar daga wani. Sai tsufa ko wata cuta ta raunana garkuwar jiki yake samun dama. Kamanninsa ne abin tsoro, domin bai yi kama da abin tsoro ba: ɗan ƙullutu mai tauri, mai sheƙi, a fuska ko wuya ko hannu, ba ya zafi ko kaɗan, sai ka ce maruru ne da bai nuna ba. Bambancinsa da maruru shi ne ba ya ciwo, ba ya yin ruwa, kuma cikin makonni kaɗan ya ninka girmansa. Ya fi kama waɗanda suka haura 50, musamman masu hasken fata. A wurinmu waɗanda ya kamata su fi sa ido su ne masu ɗauke da cutar HIV da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan magungunan danne garkuwa. A jihar da ciwon ƙoda ya addabi yankin Gashuwa da kewaye, wannan ba maganar nesa ba ce. 'Yan uwanmu zabiya kuwa, duk wani ƙurji ko ɓawon da ya ƙi warkewa a fuska, kunne ko wuya, kada a ba shi lokaci, domin rana irin ta Yobe ba ta raga wa fatarsu.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne, a farkonsu ba sa zafi. Mu kuwa zafi ne ke kai mu asibiti. Dattijonmu ma ko yana jin zafin sai ya ɓoye, saboda kunya da gudun ɗora wa 'ya'ya nauyi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yaya ake gane shi?

Ba a gane shi a kan kantar kemis. Ba a gane shi a waya. Ni da na durƙusa na haska da fitila, zargi kawai na yi. Ko likitan fata da ya ƙware, da ido zargi yake yi, domin gyambon ciwon suga, da kaushin da ya fashe, da jinin da ya kwanta a ƙarƙashin farce duk suna iya kama da shi. Hanya ɗaya ce tabbatacciya, ita ce a ɗebi tsokar wurin a auna, abin da ake kira bayofsi.

Ga yadda ake yi. Likita zai duba tabon, ya auna faɗinsa, ya lalubi kaluluwar matsematsi ko hammata ko wuya. Sai a yi allurar kashe zafi a wurin kaɗai, mutum idonsa biyu. In tabon ƙarami ne a cire shi duka, in babba ne a yanki wani sashe mai zurfi, a ɗinke. Aikin ba ya cika wuce rabin awa, kuma a ranar ake komawa gida. Tsokar za a sa ta a kwalba cikin ruwan fomalin a kai ɗakin binciken tsoka. Can za a daskarar da ita cikin kakin, a yanka ta siriri fiye da fatar albasa, a rina, likitan da ya ƙware a wannan fanni ya duba ta madubin ƙara girma. Wani lokaci sai an ƙara da rini na musamman, domin ƙwayoyin kansar Merkel suna kama da na wata kansar huhu, rinin ne ke raba su.

In melanoma ne, abu mafi muhimmanci a takardar sakamakon shi ne zurfinsa. Wani likita a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna a 1970 cewa kaurin tsiron ne ya fi komai nuna abin da zai biyo baya. Wanda bai kai milimita 1 ba, yawanci yanke shi da ɗan gefensa ya wadatar. Wanda ya wuce milimita 4 yana da haɗarin ya riga ya bazu. Ku dubi abin mamaki: tsakanin sauƙi da wahala bai wuce kaurin ƙwayar dawa ba. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa waɗanda aka gano nasu bai bar fata ba, fiye da 9 cikin 10 suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda ya riga ya kai gaɓoɓin ciki kuwa, kusan ɗaya cikin uku ne, duk da irin asibitocinsu. Bayan sakamako ne ake hoton ƙirji da na ciki don a ga iyakar inda ya kai.

Ana irin wannan gwaji a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Maiduguri, da na Tarayya da ke Gombe, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin Potiskum zai fara ne da babban asibitin garinsu, daga nan likita ya ba shi takardar zuwa Damaturu, mai nisan kimanin kilomita 100, ko inda ya ga ya dace. Ba lallai mara lafiya ya yi doguwar tafiya tun farko ba, sau da yawa kwalbar ce ke tafiya. Abin da nake roƙo shi ne, duk tsiron da aka yanke a jikin dattijo, ko a ina aka yanke shi, ku tambaya: an tura a auna? Kada a yanke a jefar. Kuma in an ce ku dawo karɓar sakamako, ku koma, ko da wurin ya warke sumul.

“Daji ba ya son ƙarfe”

Da na gaya wa mutanen gida abin da nake zargi, bayan an kai amarya an watse, Inna matar Kawu ce ta fara magana. Ta ce, “'Yar nan, in dai daji ne ai ba a kai shi asibiti. Ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi zai fusata.” Ta kawo misalin maƙwabciyarsu da aka yi wa aiki a nono, ba ta yi wata uku ba ta rasu.

Ban yi mata gardama da ƙarfi ba, domin abin da ta gani da idonta ta faɗa. Na tambaye ta shekara nawa matar ta yi da ciwon kafin a kai ta. Ta yi shiru, ta ce ya kai uku. Na ce to Inna, ba wuƙar ce ta kashe ta ba, shekara ukun ne. Muna ajiye ciwo a gida sai ya gama cin jiki, mu kai asibiti a ƙarshe, in mutum ya rasu mu ce allura ce. Masu zuwa da wuri a yanke musu su warke, ba a ba da labarinsu a gidan makoki. Ɗibar tsoka don gwaji ba ta sa kansar fata bazuwa. Jira ne ke sa ta bazu.

Kawu yana jinmu bai tanka ba. Na san abin da ke ransa: tsoron a yanke ƙafar. Dillalin da ba ya iya zagaya kara ya tashi daga aiki. Sai na ce, “Kawu, ranar Laraba na ga ka hana mutum sayen bijimi saboda abin da ka gani a kofato. Me ya sa ba ka ce a shafa masa jibi a loda shi ba?”

Ya kalle ni, ya yi 'yar dariya. “Ai abin da ke kofato ba a kofato yake tsayawa ba.”

Na ce, “To shi nake gaya maka.”

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce wa ɗansa, “Ka nemo mota ranar Litinin.”

An ɗebi tsokar a wani asibitin koyarwa. Sakamako ya ɗauki kusan mako uku, kuma sai da taubashina ya yi sawu biyu. Melanoma ne, zurfinsa ya wuce milimita 4, kuma an samu kaluluwa ɗaya a matsematsi da ya kai. Hoton ƙirji da na ciki ba su nuna komai ba, alhamdu lillahi. Ba a yanke ƙafar ba. An yanke wurin da faɗi, aka ɗebo fata daga cinyarsa aka rufe, aka cire kaluluwar matsematsin. An sayar da shanu biyu kafin a gama. Likitocin ba su ɓoye mana ba, sun ce yana iya dawowa, don haka zai riƙa zuwa ana duba shi duk bayan wata uku. Akwai sababbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi irin wannan ciwo, amma a matsayina na mai sayar da magani ina gaya muku kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje a ƙasar nan. Abin da talaka zai iya saya shi ne zuwa da wuri. Kullum ina tunanin yadda zurfin tabon nan yake ranar da aka kira ni a waya. Allah Ya yafe mini.

Abin da nake roƙonku

A wannan makon, duk mai uba ko uwa, kaka ko suruka da ta haura 50, ya nemi dabarar ganin ƙafafunsu. Ki ce za ki yanke wa Baba farce. Ka ce za ka shafa wa Inna mai a faso. Dattawa da yawa ba sa iya sunkuyawa su ga tafin ƙafarsu, idon ma ya yi rauni. Iyayenmu mata kuma lalle yana rufe komai, don haka a duba kafin a ƙunsa sabo. A duba tsakanin yatsu, da dunduniya, da farce, da tafin hannu, da duk inda tsohuwar ƙuna take.

Ba kowane baƙin ɗigo ne abin tsoro ba. Baƙaƙen mutane da yawa suna da ɗige-ɗige a tafin ƙafa da layuka a farce tun ƙuruciya, ba sa komai. Waɗanda za a kai wa likita su ne:

Tabon da ya fi ƙwayar masara faɗi, ko yake ƙara girma, ko launinsa ya kasu, ko gefensa ba daidai ba.

Baƙin layi a farce ɗaya da ya fito da girma, yana faɗaɗa, ko baƙin ya malalo kan fatar da ke gefen farcen.

Duk ciwon da ya yi wata guda ana magani bai warke ba.

Tsohon tabon ƙuna ko gyambo da ya fashe, ko ya canza kama.

Ƙullutu mai tauri mara zafi da ke girma cikin makonni.

Kaluluwar da ta fito ta ƙi komawa.

In kun ga ɗaya daga ciki, ku ɗauki hoto da waya, ku ajiye ashana a gefe don a ga girmansa. Kada ku shafa jibi ko toka ko garin kafso kafin zuwa asibiti, suna ɓoye wa likita launin da yake son gani. Kada a bari wanzami ya tsaga ko ya ƙona.

Abokan sana'ata masu kemis da manyan kantunan magani, mu ne ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa, a Potiskum da ko'ina. In an zo sayen maganin ciwon da mai shi yana gida, mu tambayi shekarunsa da tsawon lokacin ciwon. In an dawo karo na biyu kan ciwo ɗaya, kada mu canza mai, mu ce a tafi asibiti. Man nan mai haɗi uku yana da sinadarin da ke kwantar da kumburi, sai wurin ya yi kamar ya yi sauƙi alhali abin yana ci ta ciki. Ribar kwalba ɗaya ba ta kai ƙafar mutum ba.

Na yi waya da Kawu ranar Laraba da ta wuce. Ina jin kukan shanu a bayansa. Ya ce ya koma kara amma a kan benci yake zama, yara ke ɗaga masa kofato yana dubawa. Ya ce ya sa abokansa dillalai uku sun cire takalma a rumfa ya duba musu ƙafa, ɗaya ya ce masa ko ya koma likita ne. Ku sa shi a addu'a, watan gobe zai koma a duba shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon kula da iyayenmu tun suna raye. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.